Aikin Gayya Ba Shi da Rasit

Ummi, Bashir, wannan babin naku ne, ku karanta shi a zaune. Labari ya iso mini cewa a wajen wani ɗaurin aure a Bronx, Bashir ya ce wa abokansa wai Baba ya ɗauki kuɗi da hannunsa ya miƙa wa gwamnatin Amurka saboda taurin kai. Aka yi dariya, aka ce tsoho sai a hankali. Ban ji haushi ba, don taurin kai kam ina da shi, tun a Damagaram aka san ni da abina. Amma ba na so in bar duniya 'ya'yanku su tashi da rabin magana. Ga yadda aka yi a shekarar da muka sayar da gidanmu na unguwar Stapleton a tsibirin Staten Island.

Ku kun buɗe ido kun ga gida a tsaye, ga fenti, ga ɗumi lokacin sanyi, shi ya sa kuke ganin haka muka same shi. Ranar da na fara kai mahaifiyarku ta gan shi, kuka ta yi, kuma ba na murna ba. Shekara da shekaru ina tsaye bayan tebur a titin 125 ina sayar da agogo da hula da turare, rana ta dake ni, ƙanƙara ta dake ni, abin da na tara ke nan ya iya saya mana. Gida ne mai hawa biyu a kan tudu, sai ka hau doguwar matakala daga titi kafin ka taɓa ƙofa. Rufin yana yoyo, tagogin iska na shiga yadda ta ga dama, tukunyar ɗumama gidan, wato boila, ta girme ni. Na tsaya ina kallon silin da ya kumbura da ruwa, ina tambayar kaina wa ya aike ni.

A masallaci na san Sule, mutumin Kumasi, kafinta tun yana yaro. Ku Baba Sule kuka sani mai furfura, ni na san shi lokacin da yake ɗaukar buhun siminti biyu yana waƙa. Ya zo ya zagaya gidan, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa ƙarƙashin rufi, ya sauko yana kakkaɓe hannu.

"Zinder," haka yake kirana har yau da ɗaya sunan Damagaram, "gidan nan bai mutu ba, suma ya yi. Ka kira gayya."

Ku da kuka tashi a nan ba ku san gayya ba sai a bakinmu. A gida, idan gona ta fi ƙarfin mutum ko zai ɗora rufi, sai ya sanar da mutane. Su zo da fartanyoyinsu, a yi aiki, a ci tuwo, a watse. Ba a biyan kowa, gobe kai ma za ka je wa wani. To haka muka yi a tsakiyar New York. Duk ranar Lahadi sai ka ga sun sauko daga jirgin ruwan da ke tsallakowa daga Manhattan, 'yan tasi, 'yan tebur irina, masu gadin shago, mutanen Maradi da Tawa da Kumasi da Kano, kowa da tsohon wandonsa a leda. Mahaifiyarku tun Asabar take jiƙa wake. Shinkafa da wake don 'yan Gana, dambu da tuwo miyar kuka don mu, shayi kuwa ba ya sauka daga wuta. Abin da doka ta ce sai mai lasisi, kamar haɗa boila da wayar lantarki, mun kira mai lasisi mun biya. Sauran duk hannun mutane ne: rufi, tagogi, kicin da banɗakin da muka fitar a hawan ƙasa don mu sa ɗan haya. Akwai wani bawan Allah, Isufu, mutumin Tawa, shi ya shimfiɗa tayil ɗin hawan ƙasan nan a durƙushe, yana azumin nafila. Allah ya jiƙan Isufu, bai daɗe ba bayan nan ya rasu.

Kayan aiki Sule ke sayowa. In ƙirga kuɗi in ba shi a hannu, ya tafi da motarsa, ya dawo da katako da ƙusa da canji. Ranar farko ya miƙo mini canjin haɗe da wata doguwar takarda. Na ce mene ne wannan? Ya ce rasit ne, in duba in ga abin da ya kashe. Wallahi sai na ji kamar ya mare ni. A gaban mutane, mutumin da ya bar aikinsa na kuɗi ya zo yana hawa rufina kyauta, shi ne zan tsaya ina bin sa da lissafi?

"Sule, ɓarawo na ce maka, ko baƙo ka mai da ni?"

Na yayyaga takardar a gabansa na zuba a bokitin shara. Mutane suka yi shewa, aka ce Alhaji Habu ɗan halak ne. Daga ranar abin ya zama wasa tsakaninmu. Duk ya dawo daga sayayya sai ya miƙo rasit da hannu biyu kamar mai kawo gaisuwa, ni kuma in yaga, a yi dariya, a koma aiki. Shekaru muka yi a haka, kuma ko sau ɗaya ban ga aibun abin ba.

Sai shekarar da mahaifiyarku ta faɗi a kicin. Kun san wannan, ba sai na tayar muku da shi ba. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi, amma ɓarin jikinta na dama ya tafi, harshe ya yi nauyi. Aka sallamo ta a keken marasa lafiya, sai ga mu a gindin matakalar nan muna kallon sama. Ni da Bashir da wani maƙwabci muka ɗauke ta da keken gaba ɗaya, tana rufe fuska da mayafi don kunya. Tun daga ranar, matar da ba a suna ba a biki a Staten Island sai da ita, ta koma zaman taga. Ko mun sauko da ita hawan ƙasa, matakalar titi tana nan. Yakuwa da ramar da take shukawa a bayan gida suka bushe tana kallo. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma wannan shirun shi ya fi ci mini rai. Wata rana da hantsi na shigo na tarar tana kallon mata suna wucewa za su gidan suna. Ta ce mini a hankali, da kalmominta da ke fita ɗaya bayan ɗaya:

"Alhaji, ina so in fita da kaina. Ba a ɗauke ni ba."

Ranar na yanke shawarar sayar da gidan. Ummi ta samo mana wani gida marar bene kusa da nata, a shimfiɗaɗɗen wuri, ƙofarsa daidai da ƙasa, ga fili a baya. Gidan Stapleton kuwa ya yi daraja fiye da yadda na taɓa mafarki, mai saye ya fito da wuri. Na yi lissafina na ɗan kasuwa, na ga kuɗin zai isa cif. Ke Ummi kika ce, da Turancinki, Baba ka manta da haraji. Kika ja ni ofishin wata mata mai lissafin haraji, 'yar tsibiran Karebiyan, mai tabarau a kan hanci da haƙuri irin na malamar firamare.

Ita ta warware mini abin. Ta ce gwamnati ba ta cin haraji a kan kuɗin sayarwa gaba ɗaya, a kan riba take ci. Ribar kuwa ita ce abin da ya rage idan ka cire abin da gidan ya ci maka, wato kuɗin saye da kuɗin duk aikin da ya ƙara wa gidan daraja, ko ya ƙara masa kwana, ko ya mai da shi wani abin amfani na daban. Hawan sama da muke zaune, ribarsa ba ta wuce abin da doka ta yafe wa mata da miji ba, don haka babu ko sisi. Amma hawan ƙasa da muka daɗe muna ba haya, wannan kasuwanci ne, za a biya. Akwai kuma wani lissafi na shekarun hayar, ta ce wannan ciwon kanta ne, in bar mata. Abin da take so daga gare ni shi ne in faɗa mata duk aikin da aka yi, don kowane aiki da ya shiga lissafi yana rage ribar, harajin ya sauko.

Na gyara zama. Aiki? Ai a nan aka zo wurina. Na ce mata duk shekara kafin babbar Sallah sai na yi wa gidan nan fenti ciki da waje. Ta girgiza kai, ta ce fenti kula da gida ne, ba ya shiga. Na ce famfon da ya fashe na gyara, da gilashin da yara suka fasa da ƙwallo. Ta ce gyara ne, mayar da abu yadda yake, ba ya shiga. Raina ya fara ɓaci. Na ce to rufi fa, ba faci ba, sabo fil? Ta ce yauwa, wannan ya shiga, kuma tunda rufi na gidan duka ne, hawan haya yana da rabonsa. Tagogi sababbi? Sun shiga. Kicin da banɗakin da babu su muka fitar? Sun shiga gaba ɗaya. Boila? Na ce biyu na saya, ta farko ta mutu na sake. Ta ce wadda ke cikin gidan yanzu ita ce a lissafi, wadda aka fitar ta fita da kuɗinta. Sai ta ɗaga biro ta ce, nawa na biya ma'aikata?

"Ban biya su ba. 'Yan'uwa ne."

"Dukansu? Rufin duka?"

"Dukansu. Abinci muka ba su."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce a aikinta ba ta taɓa jin irin wannan ba, abin ya burge ta, amma doka ba ta san shi ba. Gumin mai gida ba ya shiga lissafi, gumin wanda ya yi maka kyauta ma ba ya shiga, sai abin da ya fita daga aljihunka. Na ce to shanun da suka ƙare a tukunyar matata fa? Ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan ta ce ba komai, kuɗin kayan aikin ma ba kaɗan ba ne, in kawo mata rasit. Ummi ta juyo ta dube ni, ni kuma na dubi silin.

Da aka buga lissafi babu shaidar komai, abin da zai rage mana bai kai kuɗin gidan nan marar bene ba. Ranar Juma'a bayan an sauko na ba Sule labari a bakin masallaci. Ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce ka ga abin da yaga takarda ya jawo maka, Zinder. Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Washegari ya zo gida da mutum uku cikin 'yan gayyar da. Suka gaida mahaifiyarku, muka zauna a falo, Bashir yana zuba shayi. Sule ya ce sun yi shawara. Shi yana da takardun sana'arsa masu kan sarki tun na da. Zai rubuta cewa na biya shi kuɗin aikin rufi da kicin da banɗaki a kan farashin da ake biya lokacin, sauran su sa hannu su ma an biya su.

"Ai ba ƙarya ba ce," in ji shi. "Aikin an yi shi ko ba a yi ba? Ga rufi nan a kanmu. Don Hajiya za mu yi."

Bashir, kai ne ka fara cewa wannan ita ce magana. Ka ce kowa haka yake yi, ka ce gwamnatin da ba ta san Mama ba ita za mu tausaya wa? Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta karkata. Na dubi keken nan, na tuna ƙofar gidan can da take daidai da ƙasa, na ji bakina yana shirin cewa to. Tsoron a kama mu yana nan, har in ja wa Sule bala'i a kan sana'arsa, amma ba shi ya tsayar da ni ba. Mahaifiyarku ce ta buga hannun kekenta da hannun hagu. Muka juyo gare ta, don maganarta sai an jira ta.

"Isufu fa?" ta ce. "Shi wa zai sa masa hannu?"

Ta dubi Sule.

"Yana azumi ya yi mana tayil. Don Allah ya yi. Yanzu za ku rubuta an biya shi?" Ta huta, ta goge baki da gefen mayafi. "Ni na dafa abincin nan. Na san abin da kuka zo yi. Ba ku zo neman kuɗi ba. Kar ku mai da shi kwangila saboda ni."

Sule ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa kunya da alfahari suka haɗu a raina, na ce alhamdu lillahi. Matar da take da hujjar cewa a yi ko ta halin ƙaƙa, ita ce ta hana. Don haka, Bashir, in za ka ba da labarin taurin kai, ka faɗi mai shi na gaskiya.

Muka bi hanya mai tsawo. Ummi ta nemo tsofaffin bayanan banki, aka ga kuɗin da na biya masu lasisi na boila da lantarki. Ofishin birni yana da takardun izinin aikin da aka yanka mana. Wani shagon kayan gini da Sule ya daɗe yana sayayya da sunan sana'arsa ya duba kwamfuta ya fitar mana da sayayyar shekarun baya-bayan nan, na farkon kuwa sun ce babu su. Mahaifiyarku ta sa aka buɗe akwatin hotuna, ga gidan kafin rufi, ga shi bayan rufi, ga mutane a kan tsani bakinsu cike da dambu. Matar harajin ta ce hoto yana nuna an yi aiki, ba ya nuna nawa aka kashe, amma yana ƙarfafa sauran shaidar. Ta shigar da abin da za mu iya tsayawa a kansa ko a gaban wa, ta bar sauran. Harajin ya sauko, amma bai sauko yadda muke so ba, kuma kafin mu gama haɗa kanmu wani ya saye gidan can mai ƙofa daidai da ƙasa.

Ummi ta sake nema, ta samo wani a layin bayan nata, ƙarami, tsoho, marar bene, da ɗan fili a baya, sai dai ƙofarsa tana da 'yan matakala. Shi ma kuɗinmu bai cika ba. Ina da fili a Damagaram, a hanyar fita gari, wanda na saya tun ina tebur. A raina can zan gina ɗaki biyu in ƙare kwanana, in riƙa jin kiran salla daga kowace kusurwa. Na buga wa ƙanena waya na ce ya sayar. Ya yi ta haba Yaya, haba Yaya, na ce ka sayar kawai. Ranar da kuɗin ya shigo na shiga mota na zauna ni kaɗai na yi kuka, don na san na sayar da komawata gida ne. Ya yi mini ciwo, har yau yana yi wani lokaci, amma ban taɓa cewa da na sani ba.

Mun tare ranar Alhamis, aka ɗaga mahaifiyarku da kekenta aka shigar, ta sake rufe fuska. Ban kira kowa ba, ban sanar a masallaci ba. Ranar Lahadi da safe ina shan koko na ji ana sauke katako a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga Sule da motarsa, ga tsofaffin 'yan gayya sun yi furfura, wasu da sanda, ga 'ya'yansu samari da ba sa jin Hausa sosai suna riƙe da injin yanka katako. Har da ɗan Isufu, wanda na bari yana rarrafe, ya zama ƙato mai gemu. Tsofaffi suka zauna a kujeru suna ba da umarni suna musu, yara suna aiki. Ke Ummi kika shiga kicin, mahaifiyarku tana gaya miki yawan gishiri daga kekenta. Kafin la'asar sun kafa gangare na katako daga ƙofa har ƙasa, da abin riƙewa gefe da gefe, suka kuma zagaya da shi zuwa filin baya.

Da aka gama, Sule ya zo gabana, ya sa hannu a aljihu, ya miƙo rasit ɗin katako da hannu biyu kamar yadda ya saba. Na ba shi kuɗinsa, na karɓi takardar, kuma wallahi hannuna da kansa ya kama ta zai yaga. Ya cafke mini wuyan hannu.

"Zinder, in ka yaga wannan, ni da kai ne. Katakon yana shiga lissafi. Gumin ne ba ya shiga."

"To gumin a ina za a rubuta shi?" in ji wani daga baya.

"An riga an rubuta," in ji Sule, ya nuna sama da ɗan yatsa.

Aka yi dariya, na ninke takardar na ba Ummi. Tana nan a wurinta har yau, duk wanda ya gaji gidan nan a cikinku ya tambaye ta.

Sai aka buɗe ƙofa. Bashir, ka zo za ka kama keken ta baya, ka tuna? Ta ɗaga hannun hagu ta ce ka bari. Ta tura da hannu ɗaya tana ja da ƙafa ɗaya, keken yana karkata tana gyarawa, mu duka muna kallo, babu mai taɓa ta. A hankali ta gangaro har tayoyin suka taɓa ƙasa. Ba ta rufe fuska ba. Ta dubi filin, ta dubi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo wurina.

"Alhaji, tsayuwar me kake yi? Ɗauko mini irin yakuwa."